Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ayyuka: A Leƙa Ƙarƙashin Titi Kafin A Biya Ɗan Kwangila

Zuwa ga Mai girma Ministan Ayyuka na Tarayya, Injiniya David Umahi, da shugabannin hukumar gyaran titunan tarayya ta FERMA.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙon ma'aikatarka ta mayar da binciken ƙarƙashin tituna da gadoji da na'urar rada, mai hango cikin ƙasa ba tare da haƙa ba, ya zama ƙa'ida a rubuce. A yi shi kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe, a kuma riƙa yin sa kowane rani a wuraren da ruwa ke ratsa hanya. Sana'ata ke nan, duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da haƙa ba, ko don gano inda za a gina rijiyar burtsatse, ko don tantance fili kafin a kafa harsashi. Na rubuta a fili, kuma da Hausa, domin direban tirela da mai fataucin albasa da tumatir, waɗanda su ne ke kwana a daji idan hanya ta yanke, su san cewa akwai abin da za a iya yi, kuma bai fi ƙarfinmu ba.

A watan Yunin 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta rufta bayan ruwan sama, zirga-zirgar kaya tsakanin Arewa da Kudu maso Yamma ta shiga halin ni-'yasu. A watan Agustan 2024 ruwa ya datse titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi, kai da kanka ka je ka gane wa idonka. A cikin wannan watan ne kuma gadar Namnai ta hanyar Jalingo zuwa Wukari ta faɗi, mutane suka koma tsallake kogi da kwale-kwale da jirgin fito. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta ci rayuka fiye da 150, ta kuma tafi da gadar da ke haɗa hanya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba na cewa wata na'ura za ta iya tare ambaliya irin waɗannan. Amma kowane injiniya ya san cewa titi ba safai yake mutuwa rana ɗaya ba. Daga ƙasa ciwon ke farawa, watanni ko shekaru kafin ido ya ga alama, ruwan damina kuma ya zo ya ƙarasa.

Ɗauki kwalbati. Bututun kankare ne aka jera a ƙarƙashin hanya, aka rufe da ciko, aka daɓe, aka shimfiɗa tsakuwa da kwalta. Da zarar mahaɗar bututu biyu ta ɗan buɗe, ko na ƙarfe ya yi tsatsa ya huje, duk ruwan da ya wuce sai ya yashe ɗan ciko ya tafi da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damina ɗaya, damina biyu, kogo ya fara girma daga ƙasa yana hawa sama, kwalta kuwa tana nan lafiya lau a ido, domin tana iya riƙe kanta a kan rami na wani lokaci. Mai duba hanya zai zo da motarsa, ya leƙa, ya rubuta cewa babu matsala, kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya rubuta. Ranar da tirela mai ɗauke da siminti ko tankar mai ta taka wurin bayan ruwan dare, ranar ce za a ji labari a rediyo. Haka abin yake a bakin gada, inda ciko ke haɗuwa da ginin kankare. Wannan ɗan tudun da mota ke duka a lokacin hawa gada, sau da yawa alama ce cewa ƙasar da ke ƙarƙashi ta zauna ko ta zurare.

Irin wannan ɓoyayyen ciwo ne rada ke nunawa. Mai sayen tulu a kasuwa yakan ƙwanƙwasa shi ya saurara, daga amon ya gane ko akwai tsaga. Na'urar, wadda injiniyoyi ke kira GPR, kusan haka take yi, sai dai da siginar rediyo. Tana harba gajeren sigina cikin ƙasa, duk inda ya tarar da canji, daga kwalta zuwa tsakuwa, daga tsakuwa zuwa jan ƙasa, ko ya ci karo da rodi, bututu, ruwa ko kogon iska, wani sashe nasa sai ya dawo. Na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka, lokacin da ake ƙirga shi da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, daga nan a fitar da zurfi. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne bambancin yadda abubuwa ke rage wa siginar gudu. A ma'aunin da muke amfani da shi iska tana da 1, busasshen yashi yana tsakanin 3 da 5, ruwa kuwa kusan 81. Shi ya sa da wuya jiƙaƙƙen wuri da kogo su ɓuya mata. A cikin iska siginar na cin santimita 30 a wannan ɗan ƙanƙanin lokaci, a cikin ruwa kuwa kusan kashi ɗaya cikin tara na hakan.

Akwai samu da rashi a ciki, kamar kowane aiki. Eriya mai gigahaz 1 zuwa 2, wato mai siginar da ke kaɗawa da sauri sosai, tana ganin abu dalla-dalla amma ba ta kai mita ɗaya ba, ita ce ta auna kaurin kwalta da duba rodi. Ana rataya ta a jikin mota, motar na gudu irin na sauran motoci tana ɗaukar bayani, ba a rufe hanya ba, ba a fasa komai ba. Mai megahaz 400 tana kaiwa mita biyu zuwa uku, ita ce ta kwalbati da bututu, ana tura ta a kan ɗan keke. Masu ƙasa da haka suna nutsawa fiye da mita goma a busasshen yashi, amma ƙananan abubuwa na kuɓuce musu. Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce ana gwaji da mu. Tun 1929 aka auna kaurin ƙanƙara da siginar rediyo a Ostiriya, a shekarun 1970 aka fara sayar da na'urar a kasuwa, yau ga irinta a jikin motar binciken Amurka da ta sauka a duniyar Mars a 2021. Hukumar ASTM ta Amurka, wadda injiniyoyinmu ke aiki da ƙa'idojinta a gwajin ƙasa da kankare, tana da ƙa'ida mai lamba D4748 ta auna kaurin shimfiɗar titi da rada, da D6087 ta duba saman gadar kankare da aka lulluɓe da kwalta. Ba sai mun ƙirƙiro komai ba.

Ranka ya daɗe, bari in zo kan batun kuɗi, domin nan ne na fi jin ciwo. A yawancin kwangilolin manyan titunanmu ana rubuta kwalta hawa biyu, ta ƙasa milimita 60, ta sama milimita 40, jimla santimita 10, a kan hanya mai faɗin mita 7.3. Idan aka rage santimita ɗaya kacal, a kowace kilomita an ci kubik mita 73 na kwalta, wato kusan tan 170. A hanya mai kilomita 100, tan 17,000 ke nan da gwamnati ta biya ba a zuba ba. Asarar ba ta tsaya a nan ba, domin ƙarfin titi ba ya raguwa daidai da abin da aka rage, ya fi haka saurin faɗuwa, hanyar da aka yi wa lissafin shekara ashirin sai ta fara fashewa tun ba a je ko'ina ba. Yadda ake tabbatar da kauri yanzu shi ne a huda titi a ciro ɗan gunduwa mai faɗin santimita 10 ko 15, a auna. Gwaji ne mai kyau, amma gunduwa tana ba da labarin inda aka ciro ta ne kawai. Tsakaninta da ta gaba akwai ɗaruruwan mitoci da babu wanda ya san abin da ke ciki, kuma idan wanda ya yi aikin ya san inda za a huda, magana ta ƙare. Rada tana auna kauri a kowane taku, daga farkon hanya zuwa ƙarshenta, sannan a ɗauki gunduwa kaɗan a wuraren da hoton ya nuna, don daidaita lissafi da kafa hujja. Ɗan kwangilar da ya yi aikinsa tsakani da Allah babu abin da zai ji tsoro, hasali ma wannan ne zai wanke shi daga zargin da ake yi wa kowa a dunƙule.

Tun da ka hau wannan kujera a watan Agustan 2023 ka tsaya kai da fata a kan titin kankare, kuma ga manyan ayyuka ana yi da shi, hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, da ta Sakkwato zuwa Badagry mai fiye da kilomita 1,000, da abin da ya rage na hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. Titin kankare ya fi na kwalta buƙatar wannan bincike. Wani ɓangare na ƙarfinsa yana ga rodin da ke ciki: nawa aka sa, wane tazara aka bari, kuma a wane zurfi ya zauna. Idan ya nutse ƙasa lokacin zuba kankare, ko ya taso kusa da sama inda ruwa zai same shi, aikinsa ya ragu, kuma da kankare ya daskare babu idon da zai sake ganinsa. A hoton rada kowane rodi yana fitowa a matsayin lanƙwasasshen layi, ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a faɗi zurfin kowanne. Sai dai a jira kankaren ya bushe na wasu makonni, domin ɗanyen kankare yana shanye siginar, kuma na'urar ba ta faɗin kaurin rodi daidai, wannan sai da wani gwajin. Gyaran titin kankare ya fi na kwalta tsada da wahala nesa ba kusa ba. Idan za mu binne dukiya mai yawa haka a ƙasa, ya kamata a ce muna da hoton abin da muka binne tun ranar karɓar aiki.

Akwai wata dama da Allah ya ba mu a Arewa wadda ƙasashen da suka ƙera na'urar ba su da ita kamar mu, ita ce rani. Busasshen yashi shi ne wurin da rada ta fi gani da nisa, kuma yawancin kogunanmu da rafukanmu a Kano, Jigawa, Katsina, Yobe, Bauchi da Zamfara suna ƙafewa ko su janye sosai daga Janairu zuwa Afrilu. Babban abin da ke kayar da gada a duniya shi ne ruwa ya kwashe ƙasar da ke gindin ginshiƙanta. Mugun halin wannan ciwo shi ne, lokacin da kogi ya cika yana haƙa rami a gindin ginshiƙi, da ruwa ya fara janyewa sai ya cike ramin da sako-sakon yashi. Wanda ya zo dubawa a rani zai tarar da ƙasa a shafe, alhali abin da ke riƙe da ginshiƙin ba shi da ƙarfin na da. Rada tana iya nuna iyakar tsohon ramin a ƙarƙashin sabon yashin. A wasu ƙasashe sai an ɗora ta a kan jirgin ruwa, mu kuwa mutum biyu za su iya tura ta da ƙafa a kan busasshen kogi su zagaye kowane ginshiƙi. Ga kuma masu ɗibar yashi da tifa a kusa da gadoji, matsalar da kai da bakinka ka yi kuka da ita a kan gadar Third Mainland ta Legas. Abin da ke faruwa a can yana faruwa a kogunanmu, sai dai babu mai aunawa.

Haka nan hanyar da ruwa ya kwanta a kanta. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta shanye titin Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Idan irin wannan ruwa ya janye, kowa na ɗokin a buɗe hanya, kuma da gaskiyarsu. Amma shimfiɗar ƙasa tana iya zama jiƙe sharkaf, nauyin manyan motoci a wannan lokaci yana yi mata illar da sai daga baya za ta bayyana. Zagaye ɗaya da motar rada zai nuna inda ruwa ya maƙale, a san inda za a taƙaita nauyi da inda za a fara gyara.

Wajibi ne in faɗi inda na'urar ke gazawa, don kada wani ya zo ya sayar wa ma'aikatarka da ita a matsayin maganin kowace cuta. Jiƙaƙƙiyar laka da ruwan gishiri suna kashe siginar. A baƙar lakar nan ta yankin Dikwa da Ngala, da ta tsakanin Cham da Numan wadda ta daɗe tana wahalar da masu gina hanyar Gombe zuwa Yola, da ƙyar za ta ga abin da ya wuce shimfiɗar titin kanta. A can sai a haɗa da na'urar auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki, irin wadda muke neman ruwa da ita. Rada ba ta auna ƙarfin titi, wannan aikin na'urar da ke sakin nauyi a kan hanya ne ta auna yadda ta lotsa. Ba ta maye gurbin injiniyan da zai shiga ƙarƙashin gada da guduma da tocila, ko mai nutso da zai duba ginshiƙi a ruwa mai zurfi. Aikinta shi ne ta nuna wa waɗannan inda za su sa ƙarfinsu, a cikin titunan tarayya kusan kilomita 35,000 da ba za a iya haƙa su duka ba.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma da wuya suka koyi wannan darasi. A watan Janairun 2025 titi ya rufta a garin Yashio na Japan saboda lalacewar babban bututun ƙazanta, ya haɗiye motar kaya da direbanta, sai bayan watanni aka ciro gawarsa, gwamnati kuma ta ba da umarnin binciken gaggawa a kan irin waɗannan bututu da titunan da ke samansu. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya fara bin titunansa da motocin rada tun bayan ramukan da suka ɓulla a 2014, yana gano kogo yana cikewa kafin ya buɗe. Duk da haka a watan Maris na 2025 wani rami ya kashe mai babur a birnin, domin abin da ke faruwa a can ƙasa sosai ya fi ƙarfin ganin na'urar. Biranenmu ba su tsira daga irin wannan ba. Kano kaɗai tana da kududdufai da yawa da aka cike da shara aka yi gini ko titi a kansu, ga tsofaffin rijiyoyi, ga bututun ruwa da wayoyin intanet da katafila ke tsinkawa kullum saboda babu taswirar inda suke.

Abin da na fi jin tsoro, ranka ya daɗe, shi ne a ji wannan magana a sayo na'urori a ajiye a sito. Kuɗin na'urar, har da wadda ake ɗorawa a mota, bai kai na gina kilomita ɗaya ta babbar hanya ba. Mutumin da zai karanta hoton shi ne mai tsada. Hoton rada ba hoton kyamara ba ne, layuka ne baƙi da fari da sai wanda ya ƙware zai bambance kogo da dutse, ko jiƙaƙƙen wuri da canjin ƙasa, kuma wanda bai ƙware ba zai iya sa a fasa lafiyayyen titi ko a wuce ta kan rami. Mutanen kuwa muna da tushensu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da ta Fasaha ta Minna, da ta Maiduguri suna yaye matasan da suka karanci kimiyyar ƙasa da injiniyanci kowace shekara, da yawansu suna zaune babu aiki. Ga cibiyar binciken gine-gine da tituna ta NBRRI da aka kafa tun 1978 domin irin wannan aiki. A haɗa su da FERMA a horar da tawaga a kowace shiyya, hukumar COREN mai kula da injiniyoyi da takwararta ta masana kimiyyar ƙasa su tantance wanda ya cancanci sa hannu a rahoto.

Sharaɗi biyu ne za su sa abin ya yi amfani. Mai binciken kada ya kasance a ƙarƙashin ɗan kwangilar da ake duba aikinsa, kuma kada kuɗinsa ya bi ta hannunsa. Sannan a adana ainihin bayanan da na'urar ta ɗauka, tare da wurin da aka ɗauke su, ba taƙaitaccen rahoto kawai ba, domin wani masani ya iya sake dubawa, kuma binciken baɗi ya samu abin da za a gwada shi da shi. Kogon da ya ƙaru tsakanin rani biyu ya fi kowane rahoto bayani.

Ba na roƙon a fara da ƙasar gaba ɗaya. A ɗauki hanya biyu da suka riga suka nuna mana halinsu, Kano zuwa Maiduguri da Mokwa zuwa Jebba. A ranin da ke tafe, tsakanin Janairu da Afrilu, a bi kowace kwalbati da bakin kowace gada da gindin ginshiƙan da ruwa ya janye daga gare su. Inda aka ga alamar kogo a huda ƙaramin rami a tabbatar, a cike kafin ruwan Yuni. A sashe ɗaya na sabon titin kankare na Abuja zuwa Kano kuma a gwada auna kauri da ƙirga rodi kafin a sa hannu a takardar biya. A wallafa sakamakon duka a shafin ma'aikatar, da abin da aka gano da abin da aka kashe, domin majalisa da ƙungiyoyin masu motoci da direbobi irin su NARTO da NURTW su gani, su kuma yi hukunci ko ya cancanci a shigar da shi cikin kowace sabuwar kwangila.

Na gode da lokacinka. Allah ya yi jagora, ya kare matafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai aikin binciken ƙarƙashin ƙasa, daga Zariya.